Yatsuna Biyu da Gambar Iyaka

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: ni na jawo wa kaina. Ba maye ba ne, ba sammu ba ne, ba aljani ba ne, duk da kowannensu sai da na ɗora masa laifi. Mutum ne mai shekara sittin da 'yan kai, furfura har a gira, ya idar da sallar asuba ya saɓi diga ya tafi satar iyakar gona. Ni ne mutumin. A ƙauyenmu na gefen Kiyawa ana ce mini Ilu Mai Dabara, yanzu kuwa in an kira ni da sunan nan sai in duba fuskar mai kiran in ga ko dariya yake. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata biyar na yi aka kore ni don na rataye wa malamin kekensa a reshen durumi. Wanda ya ga rubutun a karkace ya yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake tafiya.

Ƙanena Musa ya rasu shekarar da aka yi sanƙarau. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya mata biyu, Rabi da Ladi, babu namiji. Ya bar gona manne da tawa, don asali gona ɗaya ce ta mahaifinmu, shi ya raba mana tun yana da rai, ya dasa layin gamba a tsakani. Ana share makoki na sa garma, ban tambayi kowa ba. Haka muka taso muka gani, in babu ɗa namiji gona ta ɗan'uwa ce, mace sai a ba ta dami. Kowace kaka ina aika wa Hajara dami goma na gero ina jin kaina wani waliyyi. Ita kuma ta durƙusa daga bayan zana ta ce, "An gode, Yaya, Allah ya ƙara arziki." Shekara biyar muna haka.

Sai aka kawo shari'a. Ni har Dutse na je a bayan akori-kura, na yi kabbara sai da muryata ta dushe, don a zatona da ɓarayin awaki za a fara. A cikin watannin nan ne wata yarinya a gidan rediyo ta fara shiri ran Laraba bayan la'asar, kan haƙƙin matan da mazansu suka mutu. Tana karanta wasiƙu, tana shiga ƙauyuka da rikoda, ta kan zo da malami ya yi bayanin rabon gado. A majalisarmu ni ne shugaban masu zaginta. Na ce Turawa ne suka biya ta ta zuge mana mata, na ce a rufe shirin. Rannan sai malamin ya kawo misali: mutum ya mutu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce a kasa abin da ya bari kashi ashirin da huɗu, matar uku, 'ya'yan sha shida, ɗan'uwan biyar. Goro nake tauna, sai da ya sarƙe ni. Biyar! Ni da nake nome ashirin da huɗun har da kunyar gefe.

Larabar da ta biyo baya ina wucewa ta bayan sashen Hajara sai na ji muryar yarinyar nan tana fitowa ta saman danga. Ashe mijin Rabi, wanda ke zaune a Dutse, ya sayo wa surukarsa rediyo. Na ce shi ke nan, an gama shiryawa.

Dabarar da ta zo mini ita ce, in babu iyaka babu gonar Musa. Bazara ce, kowa na sharar gona, ba wanda zai yi mamakin ganin mutum da diga. Safiya uku ina tumɓuke tushen gamba ina baje ƙasa da ƙafa. A ta ukun, a tushe na ƙarshe kusa da wata aduwa, na taka ramin da na haƙa don in daddale shi, sai na ji wani abu ya ratsa takalmina na taya ya shige tafin ƙafata. Na duba, tsohon ruwan fartanya ne, ya yi tsatsa, an binne shi kaifin na duban sama. Kafin in gama salati na ji motsi ta wajen hanya. Na zare ƙafar, takalmin ya maƙale a jikin ƙarfen, na bar shi nan na bi ta cikin sabara da tsalle kamar tsohon kwaɗo.

Makon farko ɓoyewa na yi. Na cusa toka na ɗaure da tsumma. Matata Tabawa ta ce, "Malam, me ya same ka?" Na ce ƙaya ce. Ta ce, "Ina ɗaya takalmin?" Na ce kare ya ɗauke. Ta ce, "To Allah ya sa ya yi masa daidai." Ban iya faɗin gaskiya ba, don in na faɗi abin da ya yanke ni sai na faɗi inda ya yanke ni. A raina kuwa tambaya ɗaya nake ta juyawa: wa zai binne ƙarfe kaifi sama a bakin iyaka, in ba wanda ya san zan zo ba? Hajara ce. Na yanke mata hukunci ni kaɗai a kan tabarma.

Mako na biyu ƙafa ta kumbura, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya sauka. Ƙishirwa ba ta barina, fitsari kuwa kamar an buɗe famfo, kuma duk inda na tsuguna kafin in dawo kiyashi sun taru. Daga nan masu shawara suka fara sallama. Wata maƙwabciyarmu ta ce a dafa bagaruwa a riƙa gasawa. Wanzami ya zo ya tsattsaga ya ce mugun jini ne. Wani abokina ya ce daji ne, kada in kuskura allura ta taɓa ni. Na aika wa wani mai duba da zakara, ya aiko cewa aikin mace ne, ba fara ba ce ba kuma baƙa ba, tana kusa da ni. Yau da nake rubutawa na ga kwatancen nan ya dace da kowace mace a garinmu har da Tabawa, amma a ranar sai na ce wallahi mutumin nan ya san aiki.

Mako na uku wari ya fara. 'Yan majalisa in sun zo dubiya sai su duba inda iska ke kaɗawa kafin su zauna. Mai kemis na Kiyawa ya kwance tsumman, ya mayar da shi da sauri, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Da yamma Hajara ta zo ta durƙusa bayan zana ta ce, "Yaya, ƙafar nan ta asibiti ce. Ga Rabi a Dutse, akwai wurin kwana da na girki. Yaya Tabawa ba ta da gwiwar zirga-zirga, ni sai in yi jinyar." Na ce a raina, wato a raba ni da gida a ƙarasa ni inda babu shaida. Na ce ba inda za ni. Tabawa ba ta yi gardama da ni ba. Washegari ta sa aka kai ragona kasuwa, ta kira mota har ƙofar gida, ta ce da direban, "Ku ɗauke shi, in ya yi magana zafin ciwo ne."

Asibitin ba zan faɗi sunansa ba. Ni da Hajara, don ita ta biyo ni jinya, layin kati muka shiga da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, ina zaune a benci mutane na matsawa suna bar mini fili kamar hakimi. Komai sai ka saya, auduga, bandeji, har safar da za a taɓa ka da ita. Ragon nan bai kai kwana goma ba ya ƙare, tunkiya ta bi shi. Amma kuma in faɗi gaskiya, akwai wani nas mai wanke ciwo, dogo, ba ya magana, wanda kullum safiya yake zama ya tsefe ruɓar nan da hannunsa bai taɓa yamutsa fuska ba. Ni da ƙafata ce ina kawar da kai. Allah ya biya shi.

Likitan yaro ne, ɗana ma ya girme shi. Ya sa aka gwada jini da fitsari, ya ce, "Baba, ciwon suga gare ka, ya daɗe a jikinka, shi ya hana ciwon warkewa. Me ya yanke ka?" Na ce ƙaya. Ya ce, "Ƙaya mai faɗin yatsa huɗu?" Na ce ƙayar garinmu ce. Ya yi murmushi ya ce, "To ka ji. Ni zan yi nawa, amma abin da kake sawa a baki shi zai yanke ƙafar nan ko ya bar maka ita." Ya kira Hajara ya lissafa mata abin da zan ci da wanda ba zan ci ba. Na ga suna magana ƙasa-ƙasa, na ce to, ta sami abokin ƙulli.

Aka ba ni gado a ɗakin maza. Maƙwabcina Alhaji Sabo, direba ne daga Jahun, ya karye a cinya an rataya masa ƙarfe a ƙafa. Mutum ne mai ciki da baki, ga ƙaramin rediyo kullum a kan ƙirjinsa.

Hajara ta fara kawo abinci sau uku daga gidan Rabi, a ƙasa take zuwa. Kunu ba suga, wake ba shinkafa, zogale mai ɗaci, tuwon alkama ɗan mitsitsi kamar na yaye. Na ɗanɗana kunun na ji salam, na ɗanɗana zogalen na ji ɗaci, na ce ba shakka an barbaɗa wani abu. Sai wata dabarar ta zo. Tana fita sai in tura wa Alhaji Sabo kwanon in ce, "Alhaji, bisimilla, ni ba na jin ci." Sannan in kwanta ina kallonsa ta wutsiyar ido, ina jira in ga ya fara kumfa. Allah ya yafe mini, bawan Allah bai san shi ne abin gwajina ba. Ni kuma in leƙa taga in kira mai shayi, ya haɗa mini mai kauri da burodi, in bi da dabino, wani lokaci har da rake. Kwana goma sha biyu muna haka. Alhaji Sabo ya yi kumatu, fatarsa har ƙyalli take. Ni kuwa kullum aka gwada jinina sai likita ya dafe kai.

A cikin kwanakin nan ne Laraba ta zagayo, Alhaji ya kunna rediyo, sai ga yarinyar. Ta karanta wasiƙar wata mata: mijinta ya mutu ya bar gona da 'ya'ya mata, wan mijin ya riƙe gonar shekara da shekaru, yana ba ta dami a kaka, ita kuma kunya ta hana ta magana. Na ja bargo har ka. Sai na ji Alhaji Sabo ya ce da ƙarfi, "Ƙarya take! Ai buhu ake ba ta, ba dami ba!" Wani tsoho a gadon lungu, wanda tun zuwana ban taɓa jin muryarsa ba, ya ce, "Don Allah ku kashe abin nan, kaina na ciwo." Ni a lokacin ban fahimci komai ba, na zaci Alhaji ya san labarina ne yana kare ni. Abin da na riƙe kawai shi ne Hajara ta kai ƙarata gidan rediyo. Daga ranar ko ruwa ta miƙo sai in ce na ƙoshi.

Mako na uku a asibiti yatsuna biyu na ƙafar dama suka yi baƙi kamar gawayi. Likita ya ce babu sauran jira, in ba a cire su ba gobe sai dai a yanke daga gwiwa. Aka shiga da ni tiyata. Na farka na ga ƙafa naɗe, Hajara na zaune a ƙasa gefen gado tana jan carbi, idonta jawur. Ko a nan sai da na ce a raina kukan me, ba abin da take so ke nan ba?

Alhaji Sabo ne ya fasa ƙwan, kuma da kyakkyawar niyya. Ta kawo abinci washegari sai ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Waken nan naki tun da na fara ci ko maganin asibiti bai yi mini aikinsa ba. Mutuminki dai shayi ya fi so." Hajara ta dubi kwanon, ta dubi ƙafata. Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Da rana ta dawo da kwano biyu. Ta ajiye wa Alhaji ɗaya. Ta buɗe nawa, ta zauna a gabana, ta sa hannu ta ɗebi loma ta ci, ta kurɓi kunun, sannan ta turo mini. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san matar ƙane ba ta cin abinci a gaban wan miji. Shekara ashirin da wani abu tana gidanmu ban taɓa ganin bakinta na motsi ba. Ranar ta ajiye kunyar nan a gaban maza goma sha biyu don wani tsohon banza ya ci wake. Na ci. Ɗacin zogalen yana nan yadda yake, na cinye har da suɗe kwano.

Cikin mako biyu ciwo ya fara jan nama. Amma zargin wasiƙa bai bar ni ba. Sai ga shi wata safiya an ce 'yar rediyo ta zo ɗaukar gaisuwar marasa lafiya. Na zaci zan ga wata gabjejiya da mota, sai na ga 'yar ƙarama da tabarau, hijabinta ya koɗe, rikodarta an ɗaure murfin batir da kyauro. Na ce, "Ke 'yata, zo nan. Nawa Hajara ta ba ki?"

Ta ce, "Wace Hajara, Baba?"

Na ce, "Mai wasiƙar dami. Kin tona mini asiri a duniya."

Ta ce, "Daga ina kake?" Na faɗa mata. Ta ce, "Baba, ba na faɗin sunan mai wasiƙa, ba na faɗin garinta. Amma wannan ko kusa da Kiyawa ba ta fito ba. Tun da na karanta ta ake ta tare ni a hanya, kowa cewa yake da shi nake. Shekaranjiya wani har tasha ya biyo ni." Ta gyara tabarau ta ce, "Kai ma akwai gona ne?"

Na waiwaya in ga Alhaji Sabo, sai na tarar yana minshari, mutumin da yanzun nan yake ba da labarin hanyar Legas. Tsohon lungu ya juya fuska bango. A nan ne na gane buhun da aka ce ana bayarwa ba nawa ba ne.

Ta zauna a bakin gado muka yi hira. Ta ce akwai masu zuwa wurin shugabanninta suna cewa a rufe shirin, yana raba zumunci. Ban gaya mata ni ne limaminsu a garinmu ba. Na dai ce ta kunna rikodar. Ta ce za ta ɓoye sunana. Na ce ɓoye, amma murya tawa ko akuyar garinmu ta san ta. Na faɗi komai, gona, gamba, diga, har waken Alhaji. Na yi haka ne don na san halina, in na koma gida ƙafa ta warke, wata dabarar za ta zo. Larabar da aka sa muryata aka ce majalisarmu har da masu faɗuwa daga benci don dariya. Da aka sallame ni kuma na sa aka rubuta takarda zuwa gidan rediyon cewa kada a rufe shirin, na bi 'yan majalisa ɗaya-ɗaya su dangwala hannu. Uku suka ƙi. Na san gonakin da suke nomawa.

Bayan kaka na kira liman da mai unguwa aka fita da igiya. Sai ga matsala: babu iyaka, na tumɓuke ta, damina ta shafe sauran. Aka ce in nuna. Na tsaya da sandata, kuma wallahi sai da zuciyata ta ce in matsa taku biyar. Sai tsohon maƙerin garinmu, abokin mahaifinmu, wanda aka riƙo hannunsa ya zo kallo, ya ce, "Ku daina tambayar Ilu, ku tona. Ubansu bai yarda da ciyawa kaɗai ba, ya san abin da ya haifa. Tsofaffin ruwan fartanya bakwai ya karɓa a maƙerata ya binne ƙarƙashin gambar." Aka tona. Shida suka fito a jere kamar sahun salla. Na bakwai yana yashe a gindin aduwa, ni na san wanda ya fito da shi. Sammun da na yi wata da watanni ina zargin Hajara da shi, ubana ne ya binne.

Aka auna gonar Musa, aka ba Hajara nata, aka ba Rabi da Ladi nasu, aka yanka mini ɗan rabona a gefe. Liman ya tayar da maganar shekarun da na ci. Hajara ta ce nata ta yafe, na yara kuwa a tambaye su, ba ta yafe abin da ba nata ba.

Don haka mai karatu, in ka ga kiyashi na bin fitsarinka ka tafi asibiti. In ka ji ciwo ka faɗi abin da ya yanke ka. In kuma ka ji mutum ya fi kowa zafi a kan a rufe shirin rediyo, kada ka yi musu da shi, je ka duba iyakar gonarsa.

Ranar da aka gama rabon, da la'asar ina zaune a zaure ina shafa wa dungun ƙafata mai, sai na ji sallamarta daga bayan zana. Ta turo wani abu naɗe a leda. Na buɗe, takalmina ne na taya, an wanke shi tas, ga tsagar ƙarfen nan a tsakiya.

Ta ce, "Yaya, ga takalminka. Tun ranar na tsince shi, na fita ɗebo itace. Na ga kamar ba ka so a san inda ka bar shi, shi ya sa na ajiye."